Matasan Karkara Da Noma: Tsoro Ne Ko Rashin Madogara?

Da wuya a yi taron manoma ko bikin ƙaddamar da sayar da takin zamani a ƙasar nan a watse ba tare da wani babban jami'i ya miƙe ya yi kira ga matasa da su koma gona ba. Akan yi kiran cikin muryar nasiha, amma duk wanda ya kasa kunne da kyau zai ji zargi a ƙarƙashinta, wato wai matasan yanzu cima-zaune ne, ba sa son wahala, sun raina sana'ar iyaye da kakanni, kuma ko an ba su ingantaccen iri da rance ba su da zuciyar gwada sabon abu. Na daɗe ina jin wannan magana, har akwai lokacin da ni kaina nake maimaita ta a majalisa. Dalilin da ya sa na daina shi nake son in gabatar wa mai karatu a yau.

Kwanakin baya na je ƙauyenmu ta'aziyya, sai na yi kiciɓis da ɗan ƙanwata a bakin tasha yana taya waɗansu samari ɗora babura a kan tirela mai tafiya Kudu, ashe har da nasa a ciki. Yaro ne da kowa ya shaide shi da ƙwazo, tun yana ƙarami ba a yi masa gorin fartanya. Na ce masa, "Kai kuma ina za ka, ga damina ta ƙarato?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, bara gonar haya na noma. Rani guda na kwashe ina kai mata taki a amalanke, dawa ta yi kyau kowa ya gani. Bana da na koma wurin mai ita, sai ya ce ɗansa ne zai noma. To, wa na yi wa takin?" Ban sami abin ce masa ba, sai dai na yi masa fatan sauka lafiya.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi wani abin ɗaure kai. Matashin da ake cewa tsoro ya hana shi sayen buhun taki biyu, shi ne dai wanda yake shiga ramin haƙar zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda rami kan rufta da mutane, inda kuma gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a shekarar 2010. Shi ne yake hawa bayan a-kori-kura daga Agadas ya tunkari hamada zuwa Libiya. Shi ne yake goya fasinja a titunan Legas, bayan ya san gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, kuma ana iya ƙwace babur ɗin a murƙushe. A watan Nuwamban 2020, lokacin da aka yi wa masu yankan shinkafa sama da 40 kisan gilla a gonakin Koshebe kusa da Zabarmari a Jihar Borno, rahotanni sun nuna cewa a cikinsu har da 'yan ƙwadago da suka taso tun daga Jihar Sakkwato. Wane irin matsoraci ne zai ratsa ƙasa daga yamma zuwa gabas ya shiga gona a bakin dajin da kowa ya san abin da ke cikinsa? Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Saboda haka ba ƙarancin zuciya ke damun yaran nan ba. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa suke iya yin kasada da rayukansu, amma ba sa iya yin ta a gona?

Masana sun daɗe da taɓo wannan batu. A ƙarshen shekarun 1970 wani masanin tattalin arziki mai suna Hans Binswanger ya yi gwaji a ƙauyukan Indiya masu ƙarancin ruwan sama, inda ya riƙa ba manoma zaɓi da kuɗi na gaske, tsakanin kaɗan tabbatacce da mai yawa wanda ana iya samu ana iya rasawa. Abin da ya wallafa a 1980 shi ne cewa idan kuɗin suka yi kauri, kusan kowa yakan yi taka-tsantsan gwargwado, mai shi da maras shi, bambancinsu ba shi da yawa. Daga nan ya fahimci cewa ba halin zuciya ne ya fi raba manomi mai zuba jari a gonarsa da wanda ba ya zubawa ba, sai dai irin ƙangin da kowannensu yake ciki. Shekaru talatin bayan haka, a arewacin Ghana, Dean Karlan da Christopher Udry tare da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto suka raba manoman masara gida-gida: waɗansu aka ba su tsabar kuɗi, waɗansu aka ba su inshorar da za ta biya su idan ruwan sama ya saɓa. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya ba mutane da yawa mamaki, domin waɗanda aka ba inshora su ne suka fi faɗaɗa gona da kashe mata kuɗi, kuma su da kansu suka nemo kuɗin. Ashe ba jarin ne kaɗai ya yi ƙaranci ba, abin da za a jingina da shi in an faɗi shi ne babu.

To, a karkararmu babu madogarar da ta kai gona ta kanka. Wanda yake da ita, in damina ta ƙi bana, takin da ya zuba yana nan yana jiransa baɗi. In ciwo ya kama iyalinsa yana iya jinginar da ɓangare. In zai ci bashi, mai ba da bashin ya san inda zai same shi. Ko a wajen neman aure, gonar tana yi masa magana. Wanda ba shi da ita kuwa, kowace damina caca ce ta sau ɗaya, in ya faɗi ya faɗi ke nan.

Sai mu duba ta wace ƙofa gona take isa hannun matashi a ƙasar Hausa. A da akwai gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa uba aiki a babbar gona, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, kana ya yanka wa kowa gayauna da zai noma a lokacin kansa. A gayaunar nan ce yaro yake koyon kasada: ya gwada gyaɗa ko barkono ko auduga, in ta yi ya sayi keke ko ɗan tinkiya, in ta ƙi tuwon gandu yana nan. Wato gandu makaranta ce kuma inshora ce, tun kafin mu san kalmar. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibi ba, domin akwai ubannin da suka riƙa tatsar gumin 'ya'yansu har furfura ta fito musu. Amma tsari ne da yake ba yaro wurin tsayawa. Yau gandu ya watse a yawancin wurare, kuma ba a maye gurbinsa da komai ba.

Ƙofa ta biyu ita ce gado, kuma a nan lissafi ba ya ƙarya. A ɗauka mutum ya rasu ya bar gona hekta 3, da mata, da 'ya'ya maza shida da mata huɗu, wanda ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. In an fitar da tumunin takaba aka raba saura, kowane ɗa namiji zai tashi da kimanin kashi ɗaya bisa uku na hekta, kowace mace rabin haka. Babu wanda aka zalunta a wannan rabo, shari'a ta ba kowa haƙƙinsa. Amma kashi ɗaya bisa uku na hekta a tudu ba zai ciyar da mutum da iyalinsa wata huɗu ba, balle 'ya'yansa su sake raba shi. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su cika miliyan 56 ba. Yau sun haura miliyan 200, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Bayan haka akwai maganar lokaci, wadda ba a cika son faɗinta ba saboda nauyinta: ƙarfin saurayi yana tsakanin shekara ashirin zuwa talatin da biyar, gado kuwa sau da yawa ba ya zuwa sai ƙarfin ya fara ja baya. Su kuwa 'yan mata, ko rabonsu ya fito, galibi yana zama a hannun 'yan'uwansu maza da sunan riƙo, sai dai a riƙa aika musu da 'yan tiyoyi da kaka.

Wannan matsala ba yau ta faro ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma ta yi nazarin Ɗorayi a gefen birnin Kano a farkon shekarun 1970, ta rubuta yadda talakawa suke sayar da gonakinsu ga maƙwabtansu masu hali, da yadda waɗansu talauci yake hana su noma ko da suna da gonar, saboda a daidai lokacin da tasu take neman noman firi suna can suna ƙwadago a ta wani domin abin da za a ci a ranar. Ɗorayin da ta yi nazari a kanta yau gidaje ne da shaguna, birni ya cinye ta.

Ƙofofin da suka rage su ne aro da haya da jingina da noma-mu-raba, kuma ta nan ne yawancin samarin karkara suke shiga gona a yau. Dukkansu yarjejeniyar baka ce, mafi yawanci ta damina ɗaya. Mai karatu ya sa kansa a matsayin wanda ya karɓi hayar gona ta damina guda. Zai kai takin gargajiya, wanda amfaninsa yake ɗaukar shekara biyu zuwa uku? Zai haƙa rijiyar ban-ruwa? Zai yi shingen hana zaizaya? Zai dasa mangwaro ko zogale, alhali a al'adarmu dasa itace a gonar aro tamkar neman mallake ta ne, kuma mai gona ba zai yarda ba? In ya gyara ta ta yi kyau, ko dai a karɓe ko a ƙara masa kuɗi. Saboda haka abin da hankali zai ba shi shi ne ya tatsi gonar iyakar tatsa ya bar ta. Gona ta mutu, shi bai tashi ba, mai ita ma bai ci riba ba. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Idan ana son a ga abin da tabbacin mallaka yake yi wa zuciyar manomi, ba sai an je nesa ba, a leƙa Maraɗi da Damagaram. A da, a Jamhuriyar Nijar itatuwa na gwamnati ne a idon doka, malaman daji suna cin tarar manomi in ya sassabe reshen itacen da ke cikin gonarsa, saboda haka manoma suka riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami don kada ya jawo musu fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka fara sassauta wannan riƙo, manoma suka gane cewa itacen da suka raina nasu ne, sai suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tsiron kututture ya girma ana gyara shi. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin kore ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo a kan gaba. Mutanen dai su ne na da, talaucin shi ne. Amsar tambayar "na wa ne?" ita ce ta sauya.

Mu kuwa a nan me doka ta tanada? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Ta kuma ce ba a sayarwa ko jinginarwa ko bayar da haya sai da amincewar hukuma. Wane ɗan ƙauye ne zai tafi sakatariya neman amincewa a kan hayar rabin hekta? Sakamakon haka miliyoyin yarjejeniyoyi suna gudana a bayan idon doka, kuma ranar da aka sami saɓani mai ƙaramin ƙarfi shi ne a ƙasa. Wanda ya san hanyar ofis kuwa, ɗan kasuwa ko tsohon babban ma'aikaci, yana iya fitowa da takardar ɗaruruwan hekta, ya kewaye da waya, ya bar ta tana jiran tsada. In gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta sani ta abin da ke kan ƙasar ce, ba ta ƙasar kanta ba. Waɗanda suka manyanta ba su manta da abin da ya faru a Bakolori a watan Afrilun 1980 ba, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman haƙƙin gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan daram, domin an cusa ta cikin tsarin mulki, taɓa ta sai an yi wa tsarin mulkin kansa gyara.

Maimakon a dubi wannan, sai gwamnatoci suka fi karkata ga rance. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya kafin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye, kuma an sha kokawa kan rashin biyan bashin. Ba na musun cewa waɗansu sun amfana, waɗansu kuma sun ci da gangan. Amma a yi tunanin yaron da ke noman gonar haya aka ɗora masa bashin iri da taki da magani. An ƙara masa abin da zai rasa ne, ba a ba shi abin da zai riƙe ba. In ambaliya irin ta 2022 ta zo, ko tsutsar tumatir irin wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, zai tashi ba gona, ba amfani, ga bashi. Wanda ya ƙi karɓar irin wannan rance lissafinsa daidai ne.

Na san za a ce da ni, to ai ƙasar ce ba ta isa, kuma ba kowane matashi ne yake son noma ba, ga kuma 'yan bindiga da suka hana masu gonakin ma zuwa gonakinsu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, har suna sanya wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi. Duk gaskiya ne. Inda babu tsaro babu takardar da za ta yi aiki, kuma babu ƙasar da ta ci gaba da dukkan 'ya'yanta a gona. Habasha ta ishe mu misali: tun 1975 ƙasa ta gwamnati ce, ba a sayarwa, tsarin mulkinsu ma ya yi wa manomi alkawarin gona kyauta, amma binciken da Sosina Bezu da Stein Holden suka wallafa a 2014 ya gano cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na matasan karkarar da suka tambaya a kudancin ƙasar ne suke da niyyar rayuwa a kan noma, kuma ƙarancin gona ne babban dalili. Hana sayarwa bai ƙirƙiro ƙasa ba. Sai dai a yankin Tigray, kafin yaƙin 2020 zuwa 2022, hukuma ta riƙa miƙa wa ƙungiyoyin matasa marasa gona gangaren duwatsun da jama'a suka farfaɗo da su, suna kiwon zuma da dabbobi da noman lambu, kowace ƙungiya da iyakarta da dokokinta a rubuce. Ba su jira gona ta faɗo daga sama ba, sun duba abin da ke kwance.

Mu ma muna da abin da ke kwance, kuma ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Akwai filayen noman rani a ƙarƙashin madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo, waɗanda in an gyara magudanansu aka buɗe sababbin sassa, ana iya ware wa samarin yankin kaso bisa haya mai tsawo, a fili, da sunaye a manne a ƙofar dagaci. Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi: takardar hayar gona ta shekara biyar, shafi ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, wadda mai gona da mai haya za su sa wa hannu a gaban mai unguwa da dagaci, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma, kuma ta faɗi abin da za a biya mai haya in an karɓi gonar kafin wa'adi. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu, domin ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 sun kafa kwamitocin ƙasa har a matakin ƙauye, masu bayar da shaidar saye da kyauta da aro da haya da jingina. Ba ko'ina suke aiki yadda ya kamata ba, amma hanyar tana nan. Irin wannan takarda mai gona ma take karewa, domin abin da yake hana shi bayar da haya mai tsawo shi ne tsoron kada gobe mai hayar ko 'ya'yansa su ce tasu ce. In an kawar da wannan tsoro, gonakin zawarawa da tsofaffi da na mazauna birni za su fito kasuwar haya da daraja. A kan irin wannan takarda ce inshorar damina da rance za su sami wurin zama.

Da na ambaci mazauna birni, dole in haɗa da kaina. Ina da gonar gado a ƙauye wadda rabona da in duƙa a cikinta an fi shekara ashirin. Kowace shekara nakan ba wani aro, kuma da gangan nake sauya mutum, don kada wani ya daɗe a ciki har ya fara jin tasa ce. Sai a hanyata ta dawowa daga tashar nan na gane cewa abin da aka yi wa ɗan ƙanwata shi nake yi wa 'ya'yan wasu, kuma shi ya sa gonar take ƙara mutuwa kowace shekara. Na koma wurin dagaci muka rubuta takarda ta shekara biyar da sunan yaron, na sa hannu, aka bar gurbin nasa. Da na buga masa waya na shaida masa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, na gode, amma babur ɗin nan bashi ne, saura wata bakwai in gama biya. A ce wa ƙanena ya fara tara takin."